Gurbin da Babu a Takarda

Ranar Talata takardar ta iso daga Yamai,
ɗaure da roba a bayan babur ɗin direkta.
Shafi huɗu, gurbi talatin da biyu.
Aka ce mu sa alama inda ya dace,
mu auna yara da sabon mudu
kafin a tashi hutu.

Na zauna da ita a ajina na zana,
nan Mirriya, gab da kasuwar awaki,
ajin da bai buɗe ba sai da aka girbe hatsi
aka samu karan yi mana bango.
Yara tamanin da bakwai, tebur sha ɗaya,
tablo guda mai faso kamar dugadugin manomi.

Gurbi na farko: Yaro yana karatu babu gargada?
I ko a'a.
To ina zan sa Barira,
wadda wata uku ba a ji muryarta ba,
jiya ta haɗa harafi biyu suka zama "ruwa"
ta rufe baki da hannu don mamakin kanta?

Gurbi na tara: Yana zuwa kan lokaci?
Kiyari yana zuwa ƙarfe tara,
igiyar guga ta bar zane a tafinsa,
jarka shida ya kai gida kafin ya ɗauki alli.
In na rubuta a'a ban yi ƙarya ba,
amma gaskiyar ta tsaya a bakin rijiya.

Wanda ya ƙera mudun nan bai taɓa ganin hatsinmu ba.
Ban ce mugu ne ba.
Wataƙila ya kwana bai runtsa ba yana jan layuka,
sai dai ciwon da ke cikin takalmi
mai tafiya kaɗai ya san wurinsa.
Shekara ashirin da shida ina cin ƙurar alli,
sau biyar aka sauya tsari a kaina,
ba a taɓa ce mini "Madam Tsahara, ya kika gani?" ba.
Ana kiranmu taro a Damagaram
bayan an gama ɗinki,
a ce mu gwada riga,
a ba mu lemo da kuɗin mota.

Alhamis sufeto ya zo, mota fara.
Ya sunkuya zai shiga rumfar, ya tsaya.
Na gane shi ta kunnensa na hagu mai tsaga:
Lawali ne, ɗan mai gyaran keke,
wanda ya kasa lissafi shekara biyu a jere,
na riƙe shi da marece ƙarƙashin bedi
muna ƙirga ƙwallon goruba
har raba ta daina ba shi tsoro.
Da an auna shi da mudun nan a shekarar,
da yau yana lika tayoyi.
Ba abin kunya ba ne,
amma ba shi Allah ya ajiye masa ba.

Ya cire hula. Ya nemi gurbin sa hannu.
Na ce, Mushe, zauna tukuna.
Ya zauna kan tabarma tsakanin Ilu da Barira,
gwiwoyinsa har haɓa,
yara suna ƙunshe dariya.
Ya ji darasi ɗaya cur bai duba agogo ba.

Na cika gurbi talatin da biyu, doka ce.
Amma a gefen shafi, inda fari ya rage,
na matse rubutu da jan biro:
A tambaye mu kafin a yanka, ba bayan an ɗinke ba.
Muna nan. Mun san sunayensu.

Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun gaba,
ba cikin jaka ba.
Ko za ta kai Yamai, oho.
Gobe Juma'a, muna da harafin "ƙ",
kuma akuya ta sake cinye bangon gabas.