Ɗaki na Sha Ɗaya, Birnin Lukka

Matakala arba'in da bakwai na ƙirga,
jaka a kafaɗa, numfashi a maƙogwaro.
Dattijuwa Ermelinda ta miƙo mabuɗi
ɗaure da tagulla mai nauyin kwaɗon shago,
don kada baƙo ya mance da shi a aljihu.
Ta ɗaga yatsu tara: ruwan zafi
ƙarfe tara yake sallama.
Ta ɗaga biyu: tawul ke nan, kar in nemi na uku.

Araha ba ta ado, na sani.
Gadon yana kuka tun ban zauna ba,
kabad ɗin sai an tokare shi da takalmi.
A hoton da ya yaudare ni
tagar tana kallon hasumiya mai bishiyoyi a ka.
Na buɗe: igiyar shanya ce,
singileti huɗu, safa mara aure,
da wata kyanwa mai kallona
kamar na ci mata bashi.

Da safe burodi ɗaya, gahawa ɗan kurɓi,
ɗaci kamar gaskiyar da ba a nema ba.
Na fita. Na taka saman ganuwa,
mai faɗi har tsofaffi na tseren keke a kanta.
Na tsaya a dandali mai siffar ƙwai
inda aka ce dā mutane sun yi ihun kallo,
yanzu cokula ne kawai ke ƙara.
Na biya kuɗi a ƙofa uku
don in ga duwatsun da suka girmi kakan kakana,
kowanne da igiya a gabansa: kar a taɓa.
Ƙafafuna suka yi tsami.
Abincin rana na ci shi a tsaye,
don zama ma da farashinsa.

Dare na biyu famfo ya ɓalle.
Ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa ya sauka matakala
yana ƙirga su a madadina.
Gaspare ya hau, ƙanen dattijuwar,
da sifana a hannu, rigar barci a jiki,
yana faɗa da bututun kamar tsohon abokin gāba.
Ya danƙa mini tocila.
Ba ya jin harshena, ba na jin nasa,
amma "haska nan" ba ya buƙatar tafinta.

Da ya ɓamɓare filastar bayan bututun
sai ga jan bulo, siriri, gefensa ya cinye,
da sawun babban yatsan wanda ya buga shi.
Gaspare ya ɗaga yatsu bakwai,
ya zana sifiri biyu a ƙurar ƙasa,
ya ɗaga kafaɗa: wataƙila, wa ya sani.
Ya kama hannuna ya ɗora a wurin.
Yatsana ya shige sawun daidai,
sanyi, ɗan damshi,
babu igiya, babu mai karɓar tikiti.

Muka share ruwan da tawul ɗin nan biyu.
Ermelinda ta hau da na uku, tana mita,
da 'ya'yan ɓaure a faranti mai tsaguwa.
Muka ci a bakin gado mu uku,
gadon yana ta ƙorafinsa.

Ƙararrawar majami'a ta buga ɗaya.
Na kwanta, bayana jingine da bangon,
ina tunanin mutumin da ya danna laka
wata rana da rana, yana jin yunwa ƙila,
yana lissafin ladan yini kamar ni.

Ran tafiya ta rage mini yuro biyar.
Na ce a'a, ta harare ni.
Sai a tashar jirgin ƙasa na ji nauyi a aljihu.
Tagullar ce.
Matakala arba'in da bakwai, kuma.