Taura Biyu

Takardu biyu na ɓoye a ƙarƙashin katifa,
a ɗakinmu na Agege, bayan layin dogo,
inda jirgi ke kaɗa kwanon shan Baba duk asuba.

Ɗaya daga Ibadan ta zo:
likitancin dabbobi, shekara biyar,
in koma aji da yaran da na girme musu.
Ɗaya kuwa ta nan Akoka ce:
digiri na biyu, nazarin halittu,
kwale-kwale, kwalabe, da madubin ganin ƙwayoyi.

Baba Tanimu ya san wadda yake so.
Shekara talatin yana mayankar Oko-Oba,
ya buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa,
ya dafa tozo ya ce wannan daga Potiskum ya taso.
Duk da haka sai ya tsaya, hannu a baya,
wani yaro mai farar riga ya iso da tambari,
ya buga a cinyar nama,
ko ya ce a zubar da huhun.
"Uwani," ya ce da ni, yana kankare wuƙa,
"so nake kafin ƙasa ta rufe idona,
hannun da ke riƙe da tambarin nan
ya zama wanda na koya wa cin tuwo."

Ba ƙi nake ba.
Ina shekara tara akuyar Iya Risikatu ta kasa haihuwa,
duk layinmu hannuna kaɗai ya shiga.
Na lalubo ƙafa, na juya, na ja,
abin ya faɗo jiƙe, ya yi atishawa.
Ɗumin nan bai bar tsintsiyar hannuna ba har yau.

To amma akwai wata Talata.
Dakta Oyelaran ta ɗebo ruwa a gefen Makoko,
baƙi, mai warin gwata da man inji,
ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ta ce in leƙa.
Wallahi Oshodi na gani!
Masu gudu, masu juyi, masu haɗiye juna,
wani ya tsage biyu, kowane rabi ya kama gabansa,
ba mai tambayar wani ɗan wane ne.
Na ɗago kai, la'asar ta kusa wuce ni.
Tun ranar nake son sanin
me ke kashe kifi idan kainuwa ta rufe ruwa,
ita da muke wa kirari dashen Allah.

Inna ba ta da dogon zance.
"Kaguwa ce za ta biya miki kuɗin haya?"
Sai ta ci gaba da tankaɗe.
Ba ni da amsa.
Saniya mai ciwo tana da mai ita,
zai zo da kuɗi a hula, da godiya.
Ruwan nan ba na kowa ba ne,
shi ya sa kowa ke zubar da shara a ciki.

Na yi istihara sau uku.
Mafarkin da na yi, na NEPA ne sun kawo wuta.

Juma'a za a rufe karɓar kuɗi.
Yau Laraba, ga ni a danfo bisa doguwar gada,
cunkoso ya tsai da mu, kwandasta na zagin iska.
Takardun biyu na cikin jaka, gumi ya haɗe su.
A damana, akori-kura ɗauke da shanu uku,
ɗaya na numfashi da ƙyar, na ji ciwon daga nan,
har yatsuna sun fara ƙirga haƙarƙarinta.
Ta juyo da kai ta dube ni.

A cikin baƙin idonta
ruwan da ke ƙarƙashinmu ne ke ƙyalli.