Kwana Tara

Takardar likita na ninke gida huɗu,
na danne ta da kwanon sukari.
A bayan taga ruwa yana dukan Gdańsk,
ƙarafan tashar jiragen ruwa sun sunkuya
kamar masu jiran a karanta musu hukunci.

An ɗebi ruwan da ɗana yake iyo a ciki,
an ƙirga abin da ake ƙirgawa,
sai aka tarar ɗaya ya yi yawa.
Irin wanda ya yi yawa a jikin Tymon,
yayana da ban taɓa gani ba,
wanda ya leƙo duniya, ya yi kwana tara.

Babana Lucjan, tsohon mai walda,
bai sake taka coci ba tun ranar jana'iza.
Ya ce: Kinga, ni na riƙe shi.
Ƙirjinsa na hawa da sauka
kamar ɗan tsakon da aka tsamo daga randa.
Bai san muryata ba, allura ya sani.
In akwai mai gani daga sama,
to ya gani, ya naɗe hannu.
Wahala ba baƙuwar arziki ba ce.
Ki rufe ƙofa tun ba ta ƙwanƙwasa ba,
wannan shi ne tausayin da na sani.

Mamata Jadwiga ba ta ɗaga murya ba,
cokali ɗaya take gogewa tun ɗazu.
Ta ce: Ni ma na riƙe shi, Lucjan.
Rana ta shida ya damƙe ɗan yatsana.
Wa ya ba ka mudun da ka auna shi
har ka ce bai cika ba?
Wanda nake bauta wa bai naɗe hannu ba,
buɗe su aka yi, aka kafa musu ƙusa.
Kwanakin nan tara,
ko da garin nan da tekunsa ba zan musanya ba.

Baba ya ce: Ke kika samu taran.
Shi ya biya.

Butar shayi ta yi ta kuka, ba wanda ya tashi.

Shekara talatin da huɗu,
gado ɗaya, kabari ɗaya.
Duk farkon Nuwamba su tafi tare,
shi da burushi, ya wanke dutsen,
ita da kyandir.
Na sha ganin yana kare wutar da tafinsa,
wai don kada a yi asarar ashana.

Da dare ya raba, Baba ya sauko,
ya ajiye makullin mota a kan tebur.
Ya ce iyakar Jamus ba nisa,
shi zai tuƙa, ba zai ce uffan ba.
Bayansa Mama ta zo ba takalmi,
ta ajiye wata 'yar hula ta ulu
wadda ba za ta rufe lemo ba.
Ta sumbaci goshina, ita ma ba uffan.

Na zauna tsakanin makulli da hula,
hannuna ɗaya a mara.
Na zaro takardar, na warware ta.
Ƙwayoyin sukari sun manne a kan lambobin.
Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya
da jiƙaƙƙen yatsa,
har gari ya fara wayewa.