Tekun da Ya Zo Cikin Kwalba

Cindo ya aiko da kwalba daga Legas
a hannun direban da ke kai bandar kifi kudu,
an naɗe ta da tsohuwar jarida, an ɗaure da roba.
A waya ya ce, "Baba, ciyawar teku ce aka tatse,
an ce tana kwantar da suga."
Na ce, "Ashe teku ma yana da ciyawa?"
Ya yi ta dariya har katinsa ya ƙare.

Shekara hamsin ina cikin ruwa.
Na san bado, na san kainuwa,
na san kacalar da ta toshe mana hanyar kwalekwale
har muka koma jan jirgi da kafaɗa.
Na san gansakukar da ta kayar da ni
ranar da na kama giwan ruwana na farko.
Amma ruwan da ba a hango gaɓarsa,
wanda aka ce gishiri ne daga sama har ƙasa,
ban taɓa tsoma masa ƙafa ba.
Ga shi yau ya biyo ni har Guri,
ya shigo ɗakina a kwalba kamar ta turare.

Kiyashi ne suka fara ba ni labari.
Inda na tsuguna da asuba
nan suka ja layi kamar ranar rabon taki.
Ruwa ba ya tsami banza.
Marka ta gani, ba ta ce uffan ba,
sai kokona ya wayi gari babu zaƙi.
Daga nan ƙishirwa.
Masunci da ƙishirwa!
Ina cikin kogi har wuya, maƙogwarona fako.
In na hango mai rake a kasuwa
sai in sauya hanya, kamar yana bina bashi.

Na cire murfin.
Wari ya taso irin na komar da aka manta ba a shanya ba.
Marka ta toshe hanci da bakin mayafi,
ta ce, "Ko ɗigo, sai Huwaila ta gani."

Huwaila ta soki yatsana kamar kullum,
na'urarta ta lashi jinin, ta faɗi lamba,
ta rubuta a katina ba ta yi murmushi ba.
Ta juya kwalbar, ta matso da ita kusa da ido
saboda rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kifi.
"Baba, ban ce guba ce ba,
ban kuma ce waraka ce ba.
Ƙwayar da na ba ka, kada ka ajiye ta don wannan.
In ka haɗa biyu ban sani ba,
suga ya faɗi kana tsakiyar ruwa,
wa zai tsamo ka?
Bari in nuna wa likita a Haɗeja ranar Litinin."
Ta ɗauki hotonta da waya, gaba da baya,
kamar mai neman ɓarawon akuya.

A hanyar gida nake lissafi:
buhu nawa ya hau bayan yaron nan
kafin ya sayi abin da bai kai tafin hannuna ba?

Na ajiye ta a taga, kusa da rediyo.
Da la'asar rana takan ratsa ta,
bango ya yi kore-kore
kamar ƙasan kogi in ka buɗe ido a ciki.

Jiya ya sake kira. "Ka sha?"
Na ce, "Na dai shinshina."
"Yaya ka ji?"
Na ce, "Ashe abin da kake shaƙa ke nan kullum."
Ya yi shiru. Ina jin ƙarar motoci a bayansa,
da wani abu mai tashi yana kwanciya,
ban tambaye shi ko shi ne ba.

Marka ta kawo tuwon dawa, malmala ɗaya tak,
da zogale har ya rufe kwano.
Na haɗiye farar ƙwayata da ruwan randa.
Litinin saura kwana uku.