Lissafin Safiya a Yelwa

Likita ta ce in rage gishiri,
in rage sukari, in rage tunani.
Biyun farko Jaratu ta kwashe su daga tukunya.
Na ukun, har yau ba mu ga murfinsa ba.

Shi ya sa in na shafa addu'ar asuba
nake jawo kujerar roba gindin lemun tsami,
in ɗaura abin awon nan a dantse,
ya matse ni kamar mai bin bashi,
ya faɗi lambarsa, in rubuta a tsohon littafin auduga.
Shekara talatin ina auna kayan mutane a Garwa,
yau ga ni a kan sikeli.

Dala ta fito tana miƙa.
Kyanwa ce mai kunne ɗaya da rabi,
a cikin kwali na tsinto ta bayan kasuwa
ranar da dala ɗaya tak ta rage a aljihuna.
Ban taɓa ganin ta da ɓera a baki ba.
Abin da ta iya shi ne kwanciya a kan ƙafata ta hagu,
wadda ke yin sanyi ko da bazara,
kamar wani ya tsegunta mata.

Jangwada ya hau katanga, ya soma aikinsa.
Rediyo ta ce mai ya ƙara kuɗi, ya gyaɗa kai.
Ta ce Binuwai na cika, masu gona a gaɓa su tattara,
ya gyaɗa.
Ta ce an zauna a Yawunde, an kafa kwamiti,
ya gyaɗa sau uku, ya haɗiye tururuwa.
Na san mutane irinsa.
Wasu har da mota.

Daren jiya bushiya ta shigo ta ƙarƙashin ƙyaure,
ga sawunta tsakanin yakuwa da tumatir.
Ba ta nemi izini ba, ba ta kuma yi ɓarna ba,
ƙwari ta ci ta wuce.
Kwaɗon gindin randa yana nan, ya kumbura wuya,
mu biyu ke nan masu hawan jini a gidan.
Hawainiya kuwa tun Talata take kan zogale,
taku ɗaya, sai ta tsaya ta sake shawara.
Haka nake hawa matakalar asibiti yanzu,
kuma na daina yi mata dariya.

Sai ga tantabarun Hamajoda.
Shekara shida yana leƙo kai ta katangar nan:
«Malam Ɗanjika, ja wa magenka kunne!»
Ni kuma in ce, saura nawa kunnen?
Kwana arba'in jibi.
'Ya'yansa na kirki ne, mantuwa ce dai irin ta masu aiki,
sai tsuntsayen suka gane hanyar gidana.
Ina watsa musu tsaki, gwangwanin tumatir ɗaya,
daga dawar da Jaratu ke cewa ta yi tsada.
Dala na kallonsu, jelarta kaɗai ke motsi.
Da can takan yi kwanton ɓauna don ta ji ihunsa.
Yanzu ba ta ga amfanin tashi ba.

An ɗauke wuta, rediyo ta yi shiru a tsakiyar magana.
Ban yi asarar kome ba.
Kurciya ta karɓi labaran daga kan darbejiya,
kullum jimla ɗaya, kuma ba ta taɓa ƙarya ba.

Na sake ɗaura abin awo.
Ya sauka da maki huɗu.
Na rubuta, na ja layi a ƙasa kamar da.
Jaratu na kira daga madafa, koko ya huce,
babu sukari, ta ce, kada ma in tambaya.
Ina zuwa, na ce.
Amma kyanwa ta yi barci a kan ƙafata,
kuma ƙafar ta fara ɗumi.