Makullina Yana Wurin Kaneng

Sadisu ya iso daga Gumel ranar Laraba
cikin rigar sanyi ta aro, hannunta ya haɗiye yatsunsa.
Tun daga tasha yake ƙirga harsuna.
Kafin mu kai Taminus ya ce ya ji bakwai,
ɗaya ma bai san ƙasar da ta haife shi ba.

A Farin Gada ya tsaya wa tulin kabeji kamar ya ga sarki.
Ya ɗauki hoton coci da masallaci sun jingina da katanga ɗaya,
ya ɗauki hoton gwaten acca tun bai kai cokali ba,
ya ce, "Kawu, ashe ku cikin biki kuke kwana."

Na yi shiru.
Shekara talatin da ɗaya ina layin nan
ban taɓa ƙirga harshe ba.
Abin da na sani, Obiora yana bi na kuɗin bututu,
Iya Sikira tana rage mini barkono tun da aka yi mini aiki,
makullin ɗakina na biyu kuwa yana wurin Kaneng
tun shekarar nan da ba mu cika ambata ba,
da muka kwana tara a bariki.
Muka dawo muka tarar ta shayar da tumatir,
akuyata ta haihu a bayan ɗakinta.

Na kuma san kwanar da nake sassauta murya,
inda nake ninke hula in sa a aljihu,
gadar da mai Keke zai ce, "Baba, nan zan tsaya."
Wannan ba ya fita a hoto.

Ranar Asabar Kaneng ta cika masa buhu da dankali.
Yaron ya durƙusa, ya ce, "Mafeng."
Ta yi dariya har zanenta ya kwance,
ta gyara masa inda muryar ke hawa.
Kwana uku kacal ya yi.
Ni na shekara talatin da ɗaya ina cin gishirinta,
ban taɓa gode mata da harshen uwarta ba.

Bayan magariba na je ƙofarta,
ina juya kalmar a baki kamar goro mai ɗaci.
Ta leƙo da fitila.
"Makullin ka zo karɓa?"

Na ce a'a.
Bar shi a inda yake.