Bayan Takarda

A ɗakin sama, a Porto,
Eulália ta zana garinsu da tawada:
kogin Douro, gadar ƙarfe,
lungun da kakarta ke gasa kifi.

Tawada ta yi yawa, ta ratsa.
Da ta juya takardar
sai ga wani gari kwance a bayan nata,
kogi na hawa tudu,
gada ta zama haƙarƙarin wani abu da bai gama mutuwa ba.

Nan mutanen ɓoye ke cin kasuwa,
ana sayen burodi da sunan mutum.

Ta laluba gidansu.
Yana nan, fitila a taga ɗaya.
Wata mai kamarta ta duƙa
tana goge layin da Eulália ta ja jiya.